Ranar da Aka Aske Gagara-fari

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Litinin aka bugo waya caji ofis. Sufeto yana zaune a kujerarsa, ido a lumshe, hannu bisa ciki. Baƙo zai rantse barci yake yi, amma haka Allah ya yi shi, ba ya iya tunani sai ya rufe ido. Abokan aiki suna ce masa Sufeto Gyangyaɗi, a bayan idonsa dai, don babu wanda ya gaji da kakinsa tukuna.

Saje ya shigo ya ƙame.

"Yallaɓai, an yi sata a cibiyar binciken tsirrai."

"Me aka ɗauke?"

"Ganye."

Sufeto ya buɗe ido ɗaya. "Saje, yau da ni ka tashi?"

"Wallahi ganye, yallaɓai, irin wanda akuya ke ci. Amma Daraktansu sai kumfar baki yake yi a waya, ka ce gobara aka yi."

Gidan gilashin da ake rainon shuke-shuke yana can ƙarshen cibiyar, bayan wata doguwar baranda mai ofisoshi hagu da dama. Suna shiga, wani ɗumi mai laima ya lulluɓe su. Rana tana ratsowa ta rufin, haskenta ya koma kore-kore. Wasu siraran bututu suna fesa ruwa kamar hayaƙi, ko'ina shiru, sai ɗis, ɗis, daga bakin ganyaye. Sufeto ya tsaya cak. Ji ya yi kamar ya taɓa zuwa wurin nan a wani mafarki da ya manta ƙarshensa.

Darakta ne ya dawo da shi duniya, wani mai tumbi da ke ta sharce gumi.

"Ga ta nan, Sufeto! Dubi abin da aka yi mana!"

A cikin wata babbar tukunya, kara ne tsaye tsirara da 'yan rassa, ko ganye ɗaya babu.

"Gagara-fari muke ce mata," in ji Darakta. "Ita kaɗai gare mu. Daga kan wani dutse aka ɗauko ta shekara tara da suka wuce, dutsen ma an fasa shi an yi tsakuwa. Ba ta yin iri, reshenta ba ya kamawa. Sai ta yi wata huɗu ba ruwa, a ba ta kofi ɗaya ta miƙe kamar ba ita ba. Ga Dakta nan, ita ta gano sirrin abin a cikin ganyen, kuma ranar Alhamis masana za su zo su gwada da hannunsu. Yanzu me za mu nuna musu, sanda?"

Dakta tana tsaye a gefe, mace ce da ta haura hamsin, da farar riga da tabarau, hannayenta cikin aljihu. Ba kuka take yi ba. Kallon karan kawai take yi, irin kallon da ake yi wa hoton wanda ya rasu.

"Ranki ya daɗe, yaushe rabonki da shukar?" in ji Sufeto.

"Juma'a da yamma."

"Su wa ke da makulli?"

Darakta ya karɓe. "Ita, da mai kula da ɗakin gwaji, da tsohon mai lambu. Kuma kada ka wahalar da kanka, tsohon ne. Akuya gare shi, kullum da ƙunshin ganye yake fita. Takardar korarsa tana kan teburina, kafin a tashi aiki zan sa hannu."

Sufeto ya durƙusa ya bi rassan da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba tsinka aka yi ba. Kowane ganye an yanke shi daidai gindinsa, yanka ɗaya, sumul, aikin reza. Ya ɗebo ƙasar tukunyar ya shinshina, ya yi saurin kau da kai. Bilic aka tuttula mata har saiwa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Yau na ga mai akuyar da ke kashe saiwa."

Tsohon mai lambu, wanda kowa ke ce wa Baba, yana zaune a ɗakin masu gadi, hularsa a hannu yana ta murza ta. Shekararsa talatin da ɗaya a cibiyar, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

"Baba, sannu da haƙuri," in ji Sufeto.

"Yauwa, yallaɓai. Ya aiki? Ya iyali? Ina fata yara suna lafiya?"

Saje ya kusa yin dariya. Mutum ana shirin korarsa, shi kuwa yaran ɗan sanda yake tambaya.

"Ganyen da kake kai wa akuya fa?"

"Na shara ne, yallaɓai, wanda aka riga aka zubar. Gagara-fari kuwa ni na raine ta. Duk Talata ni nake yanko ganye uku da almakashina, in sa a faranti in rufe, in kai ɗakin gwaji. Shekara tara ban fasa ba, sai watan jiya da gwiwa ta kwantar da ni sati biyu."

"Jiya Lahadi ka zo?"

"A'a, ban zo ba."

Saje ya ajiye rijistar ƙofa a gabansa. Ga sunansa nan da hannunsa, ƙarfe huɗu na yamma. Manya da mota suke shiga, ba sa sa hannu, shi kaɗai ne a shafin. Baba ya sunkuyar da kai.

"Na zo ban ruwa ne."

"Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba."

"Baba, dube ni. Wa ka gani?"

Bai ɗago ba. "Yallaɓai, ba ni da gida na kaina, ba ni da gona. Sunan nan nawa shi kaɗai na tara. In aka rubuta ɓarawo a takarda, da shi za a binne ni, jikokina su gada. Amma ban ga kowa ba."

Sufeto ya ji tausayi ya kama shi. Ya daɗe a aikin nan, ya san ƙaryar mai tsoron kansa, ya kuma san ƙaryar mai rufa wa wani asiri. Wannan ta biyun ce.

Ɗakin gwaji sanyi ne da shi, da warin magani. Mai kula da shi wani zanƙalelen magidanci ne mai furfura a gemu, Dogo ake ce masa. Suna shiga ya tura wani filas bayan kwalabe da gwiwar hannu.

"Na wane ne?"

"Nawa ne, yallaɓai. Shayi."

Saje ya buɗe ya kai hanci, hawaye suka zubo masa. "Kai! In wannan ne shayinka, bawan Allah, ai kai ba na duniyar nan ba ne."

Sifirit ne, irin na gwaji, har yanzu da ɗuminsa. Dogo ya fara inda-inda. Sufeto bai matsa masa ba, sai ya ja kujera ya zauna.

"Bar maganar shayi. Koya mini aikinku, kamar kana koya wa kakarka."

Nan fa Dogo ya saki jiki, don an taɓo masa inda ke masa ƙaiƙayi.

"Ka ga ganye, yallaɓai, ɗakuna ne ƙanana, dubu bisa dubu, ido ba ya ganinsu. Kowane ɗaki da bangonsa, bangon kuma da wani irin maiƙo aka gina shi, fosfolifid muke ce masa. Kowace ƙwayarsa tana da kai ɗaya da wutsiya biyu. Kan yana son ruwa, wutsiyar ko ganinsa ba ta son yi. Sai su jeru sahu biyu, kawuna waje, wutsiyoyi ciki, shi ke nan bango ya tashi, ba siminti ba ƙusa. In fari ya zo, shukar da bangonta bai tsage ba ita ke kai labari."

Sufeto ya lumshe ido. Ya ga kansa yana yawo cikin wani koren gari, ɗaki cikin ɗaki, bangaye suna numfashi a hankali, haske yana zuba ta ko'ina ba taga.

"Sifirit mai zafi fa, na mene ne?" ya tambaya, bai buɗe idon ba.

"Akwai wani sinadari a cikin ganye, yana barci, kamar almakashi yake. Da zarar an ji wa ganye ciwo sai ya farka ya hau datse kawunan nan, ya bar su da guntun kai. Cikin 'yan mintoci ya sauya maka kaya. Shi ya sa doka ce: kana yankewa, ka jefa a sifirit mai zafi, zafin ya kashe shi. In ka yi jinkiri, ba ganyen za ka auna ba, ciwonsa za ka auna."

Ya ɗauko wani farantin gilashi mai farin shafe, wanda aka riga aka ɗiga wa ruwan wani ganye aka bar shi ya hau. Ya fesa masa magani. Da farko babu komai. Can sai wasu ɗigo-ɗigo shuɗaye suka fara tasowa daga cikin farin, ɗaya bisa ɗaya, a hankali, kamar masu fitowa daga ƙarƙashin ruwa. Har Saje, da ba abin da ke burge shi, sai da ya ce, "Tabarakallah."

"Kowane ɗigo iri guda ne na maiƙon," in ji Dogo. "Ka ga wannan na huɗun? A kowace shuka da ƙyar ake ganinsa. A Gagara-fari kuwa kamar an dangwala babban yatsa. Shi ne sirrin da Dakta ta gano, shi ya ɗaga sunanta."

"Sauran shukokin da kuke kwatanta ta da su, ina suke?"

"Ga su nan bakin taga, hannu kawai za ka miƙa. Gagara-fari kaɗai ke can gidan gilashi, ba ta son a motsa ta."

"Masu guntun kan nan, su ma suna yin shuɗi?"

Dogo ya dubi ɗigo na huɗu, ya dubi ƙasa. "Ni dai ana kawo mini ne, in karɓa," ya ce.

Da azahar ta yi, Sufeto ya sa aka kawo Baba gidan gilashi. Ya ce ya yanki ganyen wata shuka, ya kai ɗakin gwaji daidai yadda ya saba, kada ya rage komai. Saje ya riƙe agogo.

Baba ya ɗauki farantinsa ya shiga baranda yana jan ƙafa. Rana ta jera layin haske a daɓe, ƙura tana yawo a ciki a hankali, duk wurin kamar an sa masa barci. A ƙofar farko ya tsaya.

"A nan nakan tambayi mai buga takardu jikin mijinta, ya daɗe a kwance."

Ƙofar a rufe take. Ya ɗan jira, ya wuce.

"A nan kuma akwai wanda muke wasa da shi, kullum sai ya ce na tsufa, ni kuma in ce ya biya ni kwanakin da ya ara." Ya yi murmushi, murmushin ya mutu. Wannan ma a rufe take.

Haka suka yi ta tafiya. Ƙofa takwas, duk a rufe, kuma ana jin motsin mutane a ciki. Mutanen da ya yi shekaru yana tambayar lafiyar 'ya'yansu, yau ba wanda ya leƙo. Abin da ciwo, wallahi. A tsakiya ya zauna a benci ya murza gwiwa, sannan ya tashi.

"Minti bakwai, yallaɓai," in ji Saje a bakin ɗakin gwaji. "Kuma ba wanda ya amsa masa."

"In ana amsawa fa, Baba?"

"Ai hira takan yi daɗi, yallaɓai. Wani lokaci sai in ga ganyen ya fara laushi."

"Dakta ta taɓa ce maka ka yi sauri?"

"Ita? Ko sau ɗaya. Mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba."

Sufeto ya koma ya taka barandar shi kaɗai. Minti biyu bai cika ba.

Ya zaunar da Baba a bencin da ke ƙofar ofishin Dakta, ya shiga, ya bar ƙofar a buɗe kaɗan. Ofishin tsaf yake. Wata doguwar durowar ƙarfe ta cinye bango guda.

"Ranki ya daɗe, ina son ganin farantan Gagara-fari."

"Me ɗan sanda zai gane a ciki?"

"Ido ba mudu ba, ya san kima."

Ta buɗe. Ga su nan ɗaruruwa a jere, kowane da kwanan wata a kusurwa da fensir, kowane ɗigo an zagaye shi tun kafin launinsa ya koɗe. Sufeto ya yi ta zarowa yana ɗagawa a haske. Shekara ta farko, ta uku, ta bakwai, ɗigo na huɗu yana nan ƙato. Ya iso watan jiya, ya tsaya. A faranti biyu ɗigon ya tsuke, bai fi ƙwayar gero ba.

"Sati biyun da Baba ya kwanta ke nan. Wa ya yanko?"

"Ni."

"Ke kuma ba kya tsayawa hira."

Ya zura hannu can ƙarshen layin ya zaro na ƙarshe. Shuɗinsa bai ma koɗe ba. Ɗigo na ɗaya, na biyu, na uku, sai fili fari fat. A kusurwa, da rubutu mai kyau, an sa kwanan watan jiya Lahadi, a ƙasa kuma: an yanka an jefa nan take.

"Kin ce Juma'a rabonki da ita. Ga rubutunki, ga filas ɗinki can da Dogo ya tsinta yana ɓoye miki. Kin kai sifirit mai zafi har gindin shukar, kin yanka da reza, kin dawo kin gwada. Sannan kika koma da bilic. Abu ɗaya ne ban gane ba, ranki ya daɗe. Me ya sa ba ki fasa farantin nan ba?"

Dakta ta cire tabarau ta ajiye. Ta zauna.

"Shekara talatin ban taɓa jefar da sakamakon gwaji ba," ta ce. "Hannuna ne ya rubuta kwanan watan, ban ma sani ba. Ganyen ma suna cikin firiza, can baya. Na kasa zubarwa."

Saje ya buɗe littafinsa.

"Jiya na fesa maganin na tsaya ina jira. Na farko ya fito, na biyu, na uku. Na yi ta jira, ina cewa yanzu zai taso. Har farantin ya bushe a hannuna." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Abin da na shaida wa duniya sirrin jure fari ne, ashe tafiyar tsoho ce a baranda. Dokar da ake koya wa ɗalibi a satinsa na farko, ita na taka shekara tara. Ni a zatona minti biyu ne, ban taɓa leƙawa na gani ba. Ranar Alhamis za su zo da nasu sifirit, su yanka a gabana. In babu shukar, babu mai iya cewa ƙarya na yi."

"Baba fa?"

"Ina fitowa da bokitin muka yi ido huɗu, yana riƙe da butar ban ruwa. Ya gaishe ni, na amsa." Hawaye suka zubo mata. "Na san ba zai faɗa ba. Da Darakta ya ambaci akuya yau da safe, sai na yi shiru. Haushinsa nake ji, alhali ba shi da laifi. Na ɗora sunana da nasa a sikeli, Sufeto, na ga nasa ya fi sauƙin zubarwa."

Sufeto ya miƙe. Ransa a ɓace yake, amma murya ƙasa-ƙasa ya yi maganar.

"Ina tuhumarki da lalata kayan cibiya, da ba 'yan sanda bayanin ƙarya, da barin laifinki a kan wani. Tashi mu je."

Saje ya taɓa ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

Kafin su fito, labari ya riga su. Baranda ta cika da ma'aikata, kowa yana ta raba ido. Darakta yana tsaye da takardar kora a hannu, ya rasa inda zai sa ta. Sufeto ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Ku shaida, dattijon nan ko tsinke bai ɗauka ba. Darakta, yaga ta a gabansu."

Darakta ya yaga.

Baba yana nan a bencin, ya ji komai tun daga farko. Bai dubi takardar ba, bai dubi jama'a ba. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Dakta ta tsaya a gabansa, kanta a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, Dakta, duniya da lahira." Ya murza hularsa. "Amma ashe ni ne na ɓata miki aikin? Shekara tara ina kawo miki, ina jin daɗi wai da ni ake yi. Me ya hana ki faɗa mini? Da kin ce in yi gudu, 'yata, wallahi da gwiwar nan da komai, da na yi gudu."

Dakta ta rufe fuska da hannu biyu, Saje ya kama hanya da ita zuwa mota.